Tokar ɓuntun shinkafa a Gaya: Zafin wuta ke raba mai gina gida da mai cin huhu

Da zarar an gama girbi, bayan injinan casar shinkafa na garin Gaya kan cika da tulin ɓuntu. Mata masu turara shinkafa kan kwashi wani su hura wuta da shi, masu kiwon kaji su ɗebi wani su shimfiɗa wa kajinsu. Abin da ya rage kuwa, idan ya fara tare hanya, sai a cinna masa wuta.

Ɓuntu ba ya ci bal-bal kamar kara. A hankali yake ci daga ciki, yana hayaƙi dare da rana, har tulin ya zube ya zama toka. Babu mai taya wannan toka ko sisin kwabo. Iska ta kwashi rabonta, ruwan sama ya wanke saura.

Amma a ƙasashe irin su Indiya da Thailand, tokar ɓuntu haja ce da ake aunawa a sayar wa masu haɗa kankare da masana'antun ƙarfe. Sai dai ba kowace toka ce ke yin kowane aiki ba. Tuli biyu daga gona ɗaya, daga inji ɗaya, za su iya ba da toka iri biyu: ɗaya tana ƙara wa siminti ƙarfi, ɗayar kuma ba ta tsinana wa magini komai, ƙurarta ma tana iya illata huhu. Ido bai cika raba su ba. Abin da ya raba su shi ne zafin wutar da ta ci su, da daɗewar da suka yi a cikinta.

Garin shinkafa mai ƙishin siminti

Gaya ta jihar Dosso, ba Gaya ta Kano ba, tana bakin Kogin Neja, kusan kilomita 300 daga Yamai. Tsallaken gada Malanville ce ta Jamhuriyar Benin, gabas kuma Kamba ce ta jihar Kebbi a Najeriya. Yankin na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kuma ana noman shinkafa a fadamun kogin da filayen noman rani irin na Tara, waɗanda hukumar ONAHA ke kula da su.

Maƙwabtan ma haka suke. Malanville cibiyar shinkafa ce a arewacin Benin. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a watan Nuwambar 2015, ga kuma manyan masana'antun casa a can da Argungu. Ko'ina shinkafa ta ƙaru, ɓuntu ya ƙaru.

Lissafin ba shi da wuya. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ɓuntu ne. Idan aka ƙona ɓuntun, kusan kashi 20 cikin 100 nasa kan rage a matsayin toka. Ke nan tan 1,000 na shanshera zai bar tan 200 na ɓuntu, shi kuma ya bar kimanin tan 40 na toka, daidai da nauyin buhu 800 na siminti mai kilo 50.

A ɗaya gefen, siminti abu ne da ke cin aljihun kowa a yankin, musamman 'yan ci-rani da ke turo kuɗi daga Kwatano ko Legas ko Abijan don a ɗora musu ɗaki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar Gaya da Malanville, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren. Daminar 2024 kuma ta zo da ambaliyar da ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a ƙasar, ta rusa dubban gidajen ƙasa, har gwamnati ta karya farashin siminti a watan Oktoban shekarar don mutane su samu sake gini.

Garin da ke neman siminti ido rufe, yana kuma ƙona abin da zai iya rage masa buƙatarsa, ya cancanci ya san abin da ke faruwa a cikin wannan wuta.

Rairayin da shinkafa ke sha

Duk wanda ya taɓa shiƙar shinkafa ya san ƙaiƙayin ɓuntu a jiki da kaushinsa a hannu. Dabbobi ma ba sa son sa. Dalili shi ne sinadarin silika, wanda shi ne asalin rairayi da gilashi.

Shinkafa kan zuƙi silika narkakke daga ruwan ƙasa ta saiwoyinta. Ruwan ya fice ta ganye, silikan ya tsaya ya daskare a jikin ganye da kara, musamman a ɓuntu, inda yake zame wa ƙwayar sulke daga ƙwari da cututtuka. Shi ya sa idan aka ƙona ɓuntu ƙurmus, kashi 85 zuwa 95 cikin 100 na tokarsa silika ne.

Amma silikan ɓuntu ya bambanta da na rairayin bakin kogi ta hanya biyu.

Na farko, ƙanƙanta. Shuka kan ajiye shi ne a matsayin ƙwayoyin da ake aunawa da nanomita. Nanomita ɗaya shi ne milimita ɗaya a raba shi gida miliyan. Kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. Ƙwayoyin silikan ɓuntu kuwa gomman nanomita ne kawai, sun harhaɗu kamar soso mai ramuka ba iyaka. Idan da za a shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya na toka mai kyau, zai iya rufe gomman murabba'in mita, ya fi daɓen ɗaki faɗi.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci, shi ne tsari. Silikan rairayi kiristal ne. Na ɓuntu kuwa maras tsari ne. Don gane wannan bambanci, mutumin Gaya ba ya buƙatar zuwa nesa.

Darasi daga gishirin Foga

A arewa maso gabashin Gaya akwai kwarin Dallol Foga, wanda gishirinsa ya yi suna a kasuwannin Kabi da Dendi tun kafin zuwan Turawa. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa kwarin a watan Yunin 1853 a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Say, ya kuma bayyana yadda ake aikin: a kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba a matatar da aka saƙa da ciyawa, a kwarara ruwa, a tari abin da ya tsiyayo, a dafa shi har ya ƙafe.

Abin da ke fitowa a ƙasan tukunya shi ne kiristal. Idan aka duba ƙwayar gishiri da madubin ƙara girma, za a ga tana da kusurwoyi da gefuna a miƙe, kamar an yanka da wuƙa. Ba wanda ya yanka ta. Ƙwayoyin zarra da ke cikinta ne suka jeru layi-layi, sodiyam na bin kulorin, kulorin na bin sodiyam, sau miliyoyi ba tare da kuskure ba. Siffar waje hoton tsarin ciki ce.

Wani matashi ɗan Birtaniya haifaffen Ostireliya, Lawrence Bragg, shi ya tabbatar da wannan jeri na gishiri a 1913, ta hanyar haska shi da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Shi da mahaifinsa suka karɓi kyautar Nobel a 1915, yana ɗan shekara 25.

Abu maras tsari kuwa yana da irin ƙwayoyin zarran da kiristal ɗinsa ke da su, amma ba su jeru ba. A silika, kowace ƙwayar silikon tana riƙe da ƙwayoyin iskar oksijin huɗu, ko a rairayi ko a ɓuntu. A rairayi, waɗannan ƙulle-ƙulle sun jeru da tsari mai maimaita kansa. A ɓuntu, sun kama juna ne yadda ta kama.

Gari irin Gaya, da ya saba da tireloli da sito, yana da misalin wannan a gaban idonsa. Buhunan da aka watso daga mota suka taru tsibi guda, da buhunan da 'yan dako suka jera a sito har rufi, duk buhuna ne iri ɗaya. Amma na tsibin, kowa ya zo zai ja ɗaya ya tafi. Na jeren kuwa sun danne juna, sun zauna daram, zare ɗaya daga tsakiya aiki ne.

Haka silika yake. Maras tsari yana da saurin narkewa da saurin haɗuwa da wasu sinadarai. Kiristal ya riga ya samu wurin zama, ba ya son motsi.

Abin da wuta ke yi mataki-mataki

Akwai bambanci ɗaya tsakanin tukunyar gishiri da tulin ɓuntu. A Foga, ruwa ne ke ba ƙwayoyi damar yawo har su jeru, wuta korar ruwan kawai take yi. A tulin ɓuntu babu ruwan da za su yi iyo a ciki. Silikan na nan a daskare, kuma a daskaren yake canza tsari. Zafi ne kaɗai ke motsa shi.

Zafi, a wajen masana, ba komai ba ne illa rawar jikin ƙwayoyin zarra. Yadda wuta ke ƙaruwa, haka rawar ke ƙaruwa.

Daga farko zuwa kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, laima ce ke fita. Tsakanin digiri 300 zuwa 500, ɓangaren itace na ɓuntun ke cinyewa, ya bar ƙwarangwal na silika mai siffar ɓuntun. Tsakanin 500 zuwa 700, idan akwai isasshiyar iska, ragowar gawayi ya ƙone, toka ta yi fari ko ruwan toka mai haske. Har zuwa nan silikan maras tsari ne, domin rawar ba ta kai ta tsinka ƙulle-ƙullensa ba. Wannan ita ce tokar da ake nema.

Daga wajen digiri 800 zuwa 900 labari ke canzawa. Ƙulle-ƙullen sukan fara tsinkewa suna sake ɗauruwa. Can a wani lungu, 'yan ƙwayoyi kaɗan su dace da jeri. Yawancin irin waɗannan ƙananan jeri sukan wargaje nan take, amma wanda ya kai wani girma sai ya tsaya, ya zama iri. Maƙwabtansa su riƙa hawa layinsa ɗaya bayan ɗaya, kiristal ya yi ta girma yana cin maras tsarin da ke kewaye da shi. A lokaci guda ƙananan ƙwayoyin suna mannewa da juna, ramukan soson suna toshewa, faɗin nan da ya fi daɓen ɗaki ya tsuke ya koma ɗan kaɗan.

Kiristal ɗin da ke fitowa yawanci ba irin na rairayi ba ne. Sunansa kiristobalit, an raɗa masa sunan wani tsauni ne a Meziko inda aka fara gano shi, wani lokaci kuma tare da ɗan'uwansa tiridimit. A ƙa'ida, sai zafi ya haura digiri 1,470 kiristobalit ke zama tsarin da ya fi dacewa da silika, amma ga shi yana fitowa tun a 900. Masanin kimiyyar sinadarai Wilhelm Ostwald ya lura da irin wannan hali tun a 1897: abu maras tsari ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa mazauninsa na ƙarshe, yakan fara yada zango ne a tsarin da ya fi kusa da shi.

Abu biyu ke hanzarta wannan sauyi. Na farko lokaci. Wuta matsakaiciya da ta daɗe tana ci za ta iya yin abin da wuta mai tsanani za ta yi cikin ɗan lokaci. Shi ya sa babban tuli ke da matsala: toka ta lulluɓe shi daga waje kamar bargo, zafi ya taru a ciki na kwanaki, gefe bai gama ƙonewa ba, tsakiya ta wuce misali.

Na biyu sinadarin fotashiyam, wanda ke cikin ɓuntu tun daga gona. Shi ne dai sinadarin da ke ba ruwan toka kaifinsa a miya. Kamar yadda ɗan ƙullin kanwa ke sa wake ya nuna da wuri, haka fotashiyam ke tausasa silika ya sa ƙwayoyinsa su jeru a zafin da bai kai ba. Masu bincike sun nuna cewa idan aka wanke ɓuntu da ruwan asid kafin a ƙona shi, silikan na iya jurewa har kusan digiri 1,000 bai rikiɗe ba.

Kuma tafiyar ba ta da kome. Tokar da ta zama kiristal ba ta komawa maras tsari don ta huce.

Inda magini ya shigo

Idan aka kwaɓa siminti da ruwa, abu biyu ke samuwa. Ɗaya shi ne ƙullin da ke riƙe yashi da tsakuwa, wanda shi ne ƙarfin kankare. Ɗayan kuma ragowar farar ƙasa ce, wadda ba ta da ƙarfin kirki, kuma ruwa na iya wanke ta a hankali.

Silika maras tsari kan kama wannan ragowa ya mayar da ita ƙarin ƙulli, ya toshe ƙananan kafofin da ruwa da gishiri ke bi su cinye gini. Abin da ya kasance rauni sai ya koma ƙarfi. Kiristal kuwa ba ya shiga wannan haɗi sai kaɗan. Yana zaune ne a cikin kwaɓin kamar garin yashi.

Dabarar tsohuwa ce. Rumawa sun yi amfani da tokar dutse mai aman wuta daga garin Pozzuoli kusa da Napoli, wadda ita ma silika maras tsari ce, suna haɗa ta da farar ƙasa. Ƙubbar ginin Pantheon da ke birnin Rum ta kusa shekara 1,900 tana tsaye. A shekarun 1970 ne Farfesa P. Kumar Mehta na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna cewa tokar ɓuntu na iya yin wannan aiki, muddin an sarrafa wutar da ta ƙona ta. Tun daga nan gwaje-gwaje a ƙasashe da dama, har da jami'o'in Najeriya, suka nuna ana iya maye kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na siminti da toka mai kyau da aka niƙa lukui, ba tare da kankaren ya rasa ƙarfi ba.

Akwai riba ta biyu. Ana gasa siminti ne a zafin kusan digiri 1,450, a masana'antu irin na Malbaza a jihar Tawa ko Kalambaina a Sakkwato, kuma masana'antar siminti ta duniya ce ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama yanayi. Ɓuntu kuwa shi ke ƙona kansa, har ya ba da zafin da za a yi wani aiki da shi.

Manomi ma yana da rabo. Tunda maras tsari ya fi saurin narkewa, tokar da ba ta wuce wuta ba ta fi saurin mayar wa gona silikan da shinkafa ta zuƙe, wanda ke ƙarfafa kara ya rage kwanciya. A Japan tun shekarun 1950 ake zuba takin silika a gonakin shinkafa.

Wannan ba ya nufin kiristal abin ƙi ne a ko'ina. A 1953, tandar wani mai bincike a kamfanin Corning na Amurka, Donald Stookey, ta lalace, ta kai digiri 900 maimakon 600. Gilashin da ke ciki ya rikiɗe ya yi fari kamar madara, ya suɓuce ya faɗi ƙasa bai fashe ba, saboda ƙananan kiristal da suka tsiro a cikinsa. Daga wannan kuskure aka samu tukwanen tangaran masu jure wuta. Masana'antun ƙarfe ma suna sayen tokar ɓuntu da ta sha wuta sosai don rufe narkakken ƙarfe kada ya huce. Amma babu masana'antar ƙarfe a Dendi. Abin da yankin ke buƙata shi ne gini da taki, kuma duka biyun maras tsari suke so.

Inda huhu ya shigo

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar matsala. A 1997, cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta sanya ƙurar silika mai kiristal da ake shaƙa a wurin aiki cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Ta ambaci nau'i biyu da suna: na rairayi da duwatsu, da kuma kiristobalit.

Kafin sankara ma akwai cutar silikosis, wadda aka fi sani a tsakanin masu fasa dutse da masu haƙar zinare. Ƙurar da ta fi ƙanƙanta, wadda ido ba ya gani, kan wuce har ƙarshen huhu. Jiki ya yi ƙoƙarin narkar da ita ya kasa, sai ya yi ta naɗe ta da tabo. Shekaru na tafiya, huhu na taurara, numfashi na gajarta. Ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Silika maras tsari bai kai wannan haɗari ba, domin jiki na iya narkar da shi ya fitar a hankali. Amma wannan ba lasisin shaƙa ba ne: kowace ƙura da kowane hayaƙi suna wahalar da ƙirji.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne na kusa da toka: leburan da ke kwashe ta da shebur, matar da ke share murhu, yaran da ke wasa a kan tsohon tuli, da gidajen da iskar hunturu ke kai wa. Akwai kuma wani tarko ga duk matashin da ya ji labarin nan ya ce zai shiga sana'ar. Toka ba ta aiki a siminti sai an niƙa ta, niƙa kuwa shi ke tayar da ƙura mafi laushi. Wanda ya kwaso toka daga tulin da ya wuce wuta ya kai injin niƙa, ya yi asara biyu: hajarsa ba ta da amfani, ya kuma shaƙi mafi munin ɓangarenta.

Yaya ake ganewa?

Launi yana ba da labari, amma ba duka ba. Baƙar toka na nufin akwai sauran gawayi, wanda ke shan ruwa ya raunana kankare. Fara na nufin gawayin ya ƙare, amma ba ta faɗin ko silikan ya rikiɗe. Tokar da ta yi ja-ja, ko ta dunƙule tana ƙaras-ƙaras a hannu, alama ce ta wuce wuta.

Tabbataccen gwaji shi ne na Bragg. A haska tokar da eksire a na'urar ɗakin bincike: maras tsari kan zana tudu mai faɗi a takardar sakamako, kiristal kuwa ya zana tsini mai kaifi. Gwaji na biyu shi ne na magina: a haɗa ƙananan tubalan gwaji, wasu da toka wasu babu, a jiƙa su kwana 28, a matse su a na'ura a ga nauyin da kowanne zai ɗauka kafin ya fashe.

Nan ne gargaɗi ya zama dole, musamman ga mai gini daga nesa ta waya. Tokar da ba a gwada ba ba ta da wuri a ginshiƙi ko dakin ko lintal. Rage siminti da sunan an zuba toka hanya ce ta rushewar gini. Idan za a fara, a fara da abin da ba ya ɗaukar nauyi, kamar daɓe da shafe da bulon katanga, shi ma bayan gwaji.

Riƙe linzamin wuta

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙungiyar manoma ko ta mata masu gumi ba. A daina ƙona ɓuntu a babban tuli, a koma ƙona shi kaɗan-kaɗan a tanda ko gangar da iska ke ratsawa. A sa ma'aunin zafi na tanda, a tsaya tsakanin digiri 500 zuwa 700. A kwashe toka da zarar ta yi, kada ta kwana cikin garwashi. A yayyafa mata ruwa kafin shara idan ba ta gini ba ce, a niƙa ta gini a rufaffen inji, a kuma sa takunkumin da aka yi don ƙura, domin ƙyalle ko rawani ba ya tare mai laushin.

Rabin hanyar ma an riga an yi ta. Cibiyar AfricaRice ta kai ingantattun kayan turara shinkafa da ake kira GEM ga ƙungiyoyin mata a Glazoué da Malanville, kuma akwai nau'insu da ke aiki da ɓuntu maimakon itace. A Filifin, injiniya Alexis Belonio ya ƙera murhun da ke mayar da ɓuntu iskar gas ta girki, wanda ya ba shi kyautar Rolex a 2008. Duk inda ɓuntu ya shiga murhu mai tsari, an rage sare itace, an rage hayaƙi, an kuma samu wutar da za a iya aunawa. Abin da ya rage shi ne a ɗauki abin da ke fita ta ƙasan murhun da muhimmanci kamar abin da ke dahuwa a samansa, a riƙa kai samfurinsa gwaji a jami'o'in Yamai ko Dosso ko Aliero, ko duk inda na'urar take.

Kafin ma'auni ya zo, akwai wanda maƙera suka daɗe suna aiki da shi. A cikin duhu, abin da ya kai digiri 600 zuwa 700 yakan yi ja mai duhu. Idan ya haura 800 jan ya yi haske. Wajen 1,000 ya koma ruwan lemo, daga nan sai rawaya.

Don haka mai tsaron wutar ɓuntu da dare zai iya tona ta da sanda ya leƙa cikinta. Idan ja ne mai duhu, tokarsa na nan da amfaninta. Idan ta koma ruwan lemo, ƙwayoyin sun riga sun fara jeruwa, abin da zai kwasa da safe kuma ba na gini ba ne.